BMW ɗina tana ja dama tana cin taya ta ciki, ko rak ɗin sitiyari ne?

Tambayar ta zo daga wani bawan Allah mai fataucin shinkafa da riɗi a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa. Ya ce bara ya sayi BMW 335i ƙirar 2008 mai rim 18, kuma tun ranar da tayar gaba ta dama ta faɗa wani rami da damina, a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Gujungu, motar take ja dama duk sa'ad da ya sassauta riƙon sitiyari. Ya kai ta Kano an yi mata alaimen, wato saita kusurwar ƙafafu, har sau biyu, ya kuma sauya tayoyin gaba da na Beljiyam guda biyu waɗanda kamfaninsu ba ɗaya ba, amma jan bai daina ba. Yanzu tayar gaba ta dama ta soma cinyewa ta gefen ciki, na baya biyun kuwa sun cinye ta ciki har waya ta fara leƙowa, alhali ta waje zanensu kamar sabo. Wani bakanike ya ce masa rak ɗin sitiyari ne ya mutu, wato ƙarfen da yake isar da juyin sitiyari zuwa tayoyin gaba, shi ne yake tambaya ko ya saya.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya kiyaye hanya. Kafin mu shiga bincike, tayoyin bayan nan da waya ta leƙo a jikinsu sun gama aiki, kada ka sake hawa babban titi da su ko da zuwa Ringim ne. Wannan mota da ƙafafun baya take tafiya, injinta mai tabo (turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi) biyu yana ba da ƙarfin doki wajen 300, kuma duk wannan ƙarfi a kan tayoyin nan biyu yake sauka. Batun rak kuwa, shawarata ka riƙe kuɗinka tukuna. Rak ɗin da ya lalace yakan nuna kansa ta hanyar yoyon mai, ko ƙwanƙwasa a kan gargada, ko sitiyari ya yi lako-lako a tsakiya, ko ya yi nauyi ta gefe ɗaya, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ka ambata. A fahimtata cuta biyu ce a jikin motarka, jan da take yi daban, cin tayar baya daban, kuma alaimen da aka fara da shi shi ne ya kamata ya zo a ƙarshe, bayan an tabbatar da lafiyar taya, birki da ƙarafan ƙafa.

Da farko ka tantance irin jan, domin abubuwa uku ne mutane suke kira da suna ɗaya. Akwai motar da take tafiya sak amma sitiyarinta a karkace yake, wannan ba ja ba ne, saiti ne kawai ya kauce. Akwai wadda take bin kwarin da tirela da daf suka lotsa a jikin kwalta, yau ta fizge ka dama, an jima ta fizge ka hagu, kuma wannan hali ne na duk mota mai faffaɗar taya mai gajeriyar wuya (wato robar gefenta, daga bakin rim zuwa kwalta, gajeriya ce) irin taka. Na ukun shi ne ja na gaskiya, wanda a kan kowane titi motar gefe ɗaya take nufa, har kafaɗarka ta gaji da riƙe ta. Ka tuna kuma tun 1972 a hannun dama muke tuƙi a Najeriya, ana kuma gina kwalta da ɗan doro a tsakiya don ruwan sama ya gangara gefe, saboda haka ko sabuwar mota ce za ta riƙa sulalewa dama a hankali idan an sake ta. Ka nemi miƙaƙƙen titi mai laushi da sassafe, lokacin da babu ababen hawa kuma kana hangen nesa, ka bi tsakiyar doron da gudun kilomita 60, ka sassauta hannu ba tare da ka ɗauke shi ba. Ka lura da abin da take yi a yanayi uku: tana tafiya daidai, kana taka birki, kana ba ta wuta. Idan sai da birki take ja, bincike ya koma kan birki da bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa. Idan sai an ba ta wuta, a irin motarka ƙafafun baya za a duba. Idan kuwa kullum ne, kamar yadda na fahimta daga bayaninka, to mu fara da mafi arha.

Iska ce mafi arha, kuma ita aka fi rainawa. Tayar da iskarta ta gaza ta 'yar'uwarta takan ja mota zuwa ɓangarenta, kuma a taya mai gajeriyar wuya ido ba ya gane bambancin, balle idan irin tayar nan ce mai taurin gefe da aka ƙera don ta ci gaba da tafiya ko ta yi faci, wadda da ita wannan ƙirar ta fito daga kamfani. Na sha ganin mai faci ya cika wa ƙaramar mota iska irin ta bas, ya buga tayar da sifana ya ce ta yi, da gejin da ya daɗe da daina faɗin gaskiya. Ka sayi gejinka na kanka ka ajiye a mota. Adadin da kamfani ya ƙayyade yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, na gaba daban, na baya daban, na mota cike da mutane da kaya ma daban. Da safe ake awo kafin mota ta yi tafiya, domin duk ƙaruwar zafi na digiri 5 zuwa 6 tana ɗaga iskar taya da kusan psi ɗaya (psi ma'aunin iskar taya ne), ka ga kuwa tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin watan Afrilu a Jigawa akwai tazara. Idan ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ta hau, kada ka rage, za ta sauka da kanta in taya ta huce.

Sai tayoyin Beljiyam ɗin nan biyu, waɗanda nake zargin sun ƙara rikita lissafin. Ka kwantar da bokiti a ƙasa ka gara shi, ba zai taɓa tafiya sak ba, kewayawa zai yi zuwa ɓangaren gindinsa, tunda can ne ya fi tsukewa. Haka tayar da wayoyin cikinta suka ɗan goce daga tsakiya, ko wadda ta shekara tana cinyewa ta gefe ɗaya a jikin wata mota a Turai kafin a loda ta a kwantena. Babu injin alaimen da zai ga wannan, domin shi rim yake aunawa. Gwajin kuwa ba ya cin kuɗi sai na mai faci: a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, a sake bin titin ɗazu. Idan jan ya koma hagu, ko ya ɓace, taya ce, an gama magana. Idan ya tsaya a dama yadda yake, taya ta fita daga zargi. Idan akwai kibiya a gefen tayar mai nuna inda za ta riƙa juyawa, a yi gwajin a busasshen titi, a kuma mayar da kowace mazauninta da zarar an gama. Yayin da suke ƙasa ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2316 na nufin mako na 23 a shekarar 2016. Ka sa a juya rim ɗin dama a kan injin balansin kana kallon leɓensa na ciki, domin ta ciki rim ya fi lanƙwasa idan ya bugi rami, inda mai shi ba ya gani. A kankare busasshiyar lakar da ta manne a ciki ma, ita kaɗai tana sa sitiyari rawa.

Birki ba zai ɗauke ka minti goma ba. Bayan tafiyar 'yan kilomitoci ba tare da yawan taka shi ba, ka tsaya ka kusanta bayan hannunka ga kowane rim na gaba, kada ka taɓa faifan. Idan na dama ya fi na hagu zafi nesa ba kusa ba, kalifa, wadda take matse faifan birki, ita ce take riƙewa, abin da ƙura da ratsa ruwan damina suke jawowa idan robar da ta rufe fistin ko fil ɗinta ta yage. A ɗaga motar a juya tayar da hannu, za a ji tana turjewa.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, to mun iso inda nake tsammanin gizo yake saƙar, kuma dole in yi maka bayanin kusurwa ukun da mai alaimen yake aunawa, don ka iya karanta takardarsa da kanka. Ta farko kamba, wato jinginar taya idan ka tsaya a gaban mota kana kallonta, ko kanta ya jingina ciki wajen inji ko waje. Duk yaron da ya taɓa gara tsohuwar taya a layi ya san inda ta jingina nan take nufa. Idan jinginar dama da ta hagu daidai suke, sai su kashe juna mota ta tafi sak, idan kuwa bambancinsu ya kai wajen rabin digiri, mota takan bi ɓangaren da tayarsa ta fi miƙewa ko ta fi jingina waje. Ta biyu kasta, wadda ita ce kwanciyar da ƙahon keke yake yi zuwa baya, abin da yake sa yaro ya saki hannu keken ya ci gaba da tafiya. Ita take dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana, kuma mota takan ja zuwa ɓangaren da kastarsa ta fi ƙanƙanta, amma ita ba ta cin taya a miƙaƙƙiyar hanya. Ta uku ita ce kallon taya, abin da masu sana'ar suke kira to-in da to-awut, wato ko tayoyin biyu suna ɗan kallon juna ta gaba ko suna kallon waje.

Wannan ta ukun ita ce mafi yawan masu alaimen suke taɓawa, su juya tayarod, sandar da ta haɗa rak da ƙafa, su ce an gama, kuma ita ce ba ta da hannu a jan da kake kuka da shi. Ka ɗauki shanun huɗa biyu a ƙarƙashin karkiya ɗaya, kowanne yana ɗan tura ɗan'uwansa. Kunya za ta fita a miƙe, tunda turin ya daidaita, amma shanun za su galabaita. Haka tayoyin gaba suke: idan kallonsu ya ɓaci, sukan raba kuskuren a tsakaninsu, mota ta tafi sak, sitiyari ya karkace, roba kuma ta yi ta gugar kwalta a kaikaice. Lissafin ba wuya. Tayar da ta kauce da rabin digiri tana jan jiki a kaikaice kusan mita 9 a kowace kilomita, wato a tafiyar kilomita 100 kamar an ɗaure ta an ja ta ta gefe a kan kwalta mita 870 ke nan. Shi ya sa babu abin da yake cin taya da sauri kamarsa, shi ya sa kuma za a iya yi maka alaimen sau goma jan yana nan, tunda a wannan ƙirar babu wurin saita kasta ko kaɗan, kambar gaba ma ɗan ƙaramin wuri aka bari a saman shoka. Idan waɗannan biyun sun kauce, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe ko wani bushin ya mutu, sai an sauya shi.

Ƙafar gaban motarka tana da hannuwa biyu na alminiyam a ƙasa, kuma wanda yake riƙe taya kada ta ja da baya yana da babban bushin mai ruwa a cikinsa, wanda mutuwarsa sananniyar cuta ce a wannan jinsin mota ko a ƙasashen da titinsu yake kamar tabarma. Rami irin wanda ka faɗa yana iya fasa shi, ko ya lanƙwasa hannun, ko shokar kanta. Idan tayar dama ta ɗan ja baya, kastar dama ta ragu ke nan, mota kuma za ta ja dama, daidai da abin da ka bayyana. Na taɓa karɓar irin wannan mota da aka yi wa alaimen sau uku a wani gareji, takarda duk ta nuna kore, alamar wai komai daidai yake. Da na kwanta ƙarƙashinta da tocila, sai na ga wani baƙin tabo da ƙura ta manne masa ya gangaro daga bushin ɗin ya bushe a jikin hannun, na sa ƙarfe na ɗan banƙara, robar ta buɗe baki kamar tsagar faso. A kan inji, mota tana tsaye, tayar tana zaune a mazauninta, shi ya sa awo ya yi kyau. Da an hau titi iska da kwalta suka tura ta baya, sai ta buɗe tana kallon waje, ta ci gefen ciki.

Akwai gwaji biyu da za ka yi a ƙofar gida. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, sitiyari a miƙe, ka zura yatsu tsakanin bayan tayar gaba da jikin mota, dama da hagu. Idan huɗu sun shiga a hagu, uku a dama, ka sami amsa. Don ƙarin tabbaci ka auna da tef daga tsakiyar rim na gaba zuwa tsakiyar na baya, kamfani ya yi ta a kan milimita 2,760, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne ɓangarorin biyu su zo ɗaya. Na biyu, wani ya tuƙa ta a hankali kamar tafiyar ƙafa ya taka birki da ƙarfi kana tsaye a gefe kana kallon tayar. Lafiyayyiya ba ta wani motsi a cikin ramin jikin mota, mai mataccen bushin kuwa za ka ga ta zabura baya ta dawo. Bayan nan bakanike ya ɗaga ta ya girgiza taya dama da hagu don tayarod, sama da ƙasa don boljoyin (mahaɗar hannu da ƙafa) da boris (abin da taya take juyawa a kansa).

Yanzu tayoyin baya. Ita irin wannan mota da gangan aka jingina ƙafafunta na baya ciki, tsakanin digiri ɗaya da rabi zuwa biyu, don idan ta shiga kwana da gudu tayar waje ta zauna daram a kan kwalta. Wanda yake yawan miƙaƙƙiyar tafiya, kamar mu da hanyoyinmu na Kano zuwa Gumel ko Haɗeja ba su cika kwana ba, dole gefen ciki ya ɗan riga na waje cinyewa, wannan ba cuta ba ce. Amma ciki ya kai waya waje yana sabo ya wuce aikin kamba ita kaɗai. Ka shafa tafin hannunka a kan zanen daga waje zuwa ciki, ka dawo daga ciki zuwa waje, ka yi hattara da wayar. Idan ta wani ɓangaren sumul ne, ta ɗayan kuma yana kama fata kamar haƙoran lauje, kallon tayar ne ya ɓaci, kuma haɗuwarsa da jingina ita take yanka gefen ciki kamar da wuƙa. Idan sumul ne ta ko'ina, sai dai ya gangara kamar bakin gatari, jinginar ce ta yi yawa, kuma sau da yawa dalili shi ne sifirin ya gaji mota ta zauna, ko ana yawan cika ta. Ba na son in yi maka shisshigi, amma idan buhun samfur biyu ko uku sukan shiga but ranar kasuwa, ga mutum uku a baya, ka san duk lokacin da bayan motar ya dusa, jinginar ƙaruwa take yi. Idan kuma ka ji tudu da kwari a zagayen tayar kamar an ɗiba da cokali, shoka ce ta mutu taya take tsalle.

Da yawan masu alaimen ba sa kula ƙafafun baya, alhali a wannan mota akwai kusoshin saita jingina da kallo a kowace ƙafar baya, kuma daga baya ake fara saiti kafin a zo gaba, domin inda ƙafafun baya suka fuskanta nan ne ainihin hanyar mota. Saboda haka idan an gama sauya abin da ya mutu, a kuma ɗaure kusoshin bushin motar tana zaune a kan ƙafafunta da nauyinta, domin wanda aka ɗaure tana rataye a jak murɗewa yake yi ya yage cikin 'yan watanni, sai ka nemi wurin da yake da injin auna ƙafa huɗu. Ka ce a ba ka takardar awo ta kafin gyara da ta bayan gyara. Kada ka tsaya a kan launin kore, ka kwatanta lambar dama da ta hagu a layin kamba da na kasta, domin kowace tana iya zama cikin iyakarta amma ɗaya a wannan bakin, ɗaya a wancan. Ka sani kuma alƙaluman kamfanin na motocin wancan zamani an tsara su ne a kan tanki cike da nauyi a ciki, kilo 68 a kowace kujerar gaba, 68 a tsakiyar kujerar baya, 21 a but, abin da buhunan yashi ko na hatsi za su iya tsayawa a madadinsa. Daga ƙarshe a saita na'urar da take karanta juyin sitiyari da kwamfuta, don tsarin hana santsi ya san sabuwar tsakiya.

Saura abin da zai hana a maimaita. Tayoyinka na yanzu, idan na asali ne, 225/40 a gaba da 255/35 a baya (lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu tsayin wuya ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin), tsayin wuyansu wajen milimita 90 ne kacal, alhali ta Corolla mai 195/65 a rim 15 tana da kusan 127. Wannan 'yar robar ita ce duk abin da ke tsakanin bakin rami da rim ɗinka, kuma da yake faɗin gaba da na baya ba ɗaya ba ne, ba ka da damar juya su don su cinye tare. Da ni ne nake shiga burji kullum da wannan mota, da na koma rim 17, wanda shi ne mafi ƙanƙantar da yake rufe birkinta, na sa 225/45 a duk ƙafa huɗu, sababbi, kamfani ɗaya, ƙira ɗaya. Wuya zai ƙaru zuwa milimita 101, bin kwarin titi zai ragu, za ka kuma riƙa juya su gaba da baya. Abin da za ka rasa shi ne ɗan riƙon da faffaɗar tayar baya take bayarwa idan an ba ta wuta sosai. Idan ka bar masu taurin gefen ka koma taya ta gama-gari, ka tanadi safaya da jak, domin motar ba ta zo da su ba. Sabuwar taya zurfin zanenta wajen milimita 8 ne, akwai kuma 'yan tudun gargaɗi a cikin kwarin zanen a kan milimita 1.6. Duk ƙarshen wata ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka leƙa gefen ciki na tayoyin gaba, na baya kuwa sai ka durƙusa ka haska da tocila ta ƙarƙashin bamba.

Idan ka yi musanyar tayoyin da awon yatsun nan, ka aiko mini da sakamakon tare da lambobin kamba da kasta na dama da hagu daga takardar alaimen ta ƙarshe, in sun ba ka ita. Da su zan iya gaya maka ko hannu ɗaya za ka nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko har da shoka, kuma idan hannun ne, ka sayi na dama da na hagu tare.